Ku Tambayi Barista: "Baba Ya Ce Kada In Kare Ɓarayi"

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti Barista. Ni ɗaliba ce, ina aji huɗu a sashen koyon aikin lauya a wata jami'a a nan Legas. A sashenmu akwai cibiyar ɗalibai da ke taimaka wa waɗanda ake tuhuma da laifi kuma ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Malaminmu da kansa ya neme ni, saboda a cikinmu ni kaɗai ke jin Hausa. Raina yana so, amma abu biyu sun tsaya mini. Baba ya ce bai yi shekara da shekaru yana sayar da goro yana biya mini kuɗin makaranta don in je in kare ɓarayi ba, kuma ya ce alhaki zan kwasa. Na biyu, tunda ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali, me zan je in tsinana?
Ɗaliba, daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ki shiga, amma ba a bayan idon Baba ba. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don amsarta ce za ki kai masa.

Gaskiya ne ɗalibi ba ya buɗe baki a kotu da sunan wani. Sai kin cika shekara biyar ɗinki a jami'a, kin ƙara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, an rantsar da ke, sunanki ya shiga rajistar Kotun Ƙoli. To amma duk wanda ya taɓa riƙe shari'ar talaka a garin nan zai gaya miki cewa miƙewa gaban alƙali ba ta wuce 'yan mintuna. Abin da ke fito da mutum, kafin a zo ga mintunan nan, sintiri ne da ƙafa, da zaman jira a kan benci, da naci. Lauyan da ke da shari'a talatin a hannu ba shi da wannan lokacin. Ke kina da shi.

Ga yadda mutum ke maƙalewa. An kama shi bisa zargin babban laifi, a ce fashi da makami ko kisan kai. Majistare ba shi da hurumin yin irin wannan shari'ar, sai Babbar Kotu. Duk da haka 'yan sanda sukan kai shi gaban majistare, a Yaba ko Ebute Metta ko Ogba, su nemi a ajiye shi a gidan yari har a aika kwafin fayil ɗinsa zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, wato DPP, a ma'aikatar shari'a da ke Alausa. Can ne za a duba a ce akwai abin da za a tuhume shi da shi ko babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta ce wannan ajiya kada ta wuce kwana 30 a karon farko, daga nan a dawo a yi wa majistare bayanin dalilin da zai sa a ƙara. Haka yake a rubuce. Abin da ke faruwa kuwa, sai a yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, fayil ya kwanta a durowa. Ko fayil ya isa Alausa, shawara ta fito, amma ba wanda ya ɗauke ta ya kai kotu. Ko motar da za ta kai fursunoni kotu ta cika kafin a zo kansa. Ki ƙara da gobarar watan Oktoban 2020, lokacin da aka ƙona Babbar Kotun Igbosere da caji ofis masu yawa, takardun mutane suka zama toka. Shi dai yana zaune a gidan yarin Kirikiri ko Ikoyi ko Badagry, ba a ɗaure shi ba, ba a sake shi ba.

Kada ki ɗauka ina kambama abin. A 2012 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan shari'ar wani mai gyaran jikin mota da aka kama a nan Legas a 2003, majistare ya aika da shi Kirikiri, ya shekara tara ba a sake kai shi gaban alƙali ba. Gidan yarin Ikoyi an gina shi ne a 1955 domin mutum 800, amma an daɗe ana cusa ninkin-ba-ninkin haka a cikinsa. A ƙasar baki ɗaya, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta koma ta gyaran hali, amma wanda ba a yanke masa hukunci ba, wane hali za a gyara masa?

A cikin masu jiran nan, namu sun fi kowa saurin ɓacewa. Ɗan ci-rani ne, mai ga-ruwa, ɗan gwangwan, mai gadi, ɗan dako, ko ɗan acaba da aka kwashe tun bayan da gwamnatin jiha ta hana babura a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsananta dokar a watan Yunin 2022. Ba shi da adireshi, don a rumfa ko a masallaci yake kwana. Ba ya jin Turanci, Yarabancinsa na ciniki ne. An karɓe wayarsa ranar da aka kama shi, kuma bai haddace lambar kowa ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Amma na sha zama a kotu ina kallo ana karanta wa mutum tuhuma yana gyaɗa kai, ba don ya amsa laifi ba, sai don a gidansu haka aka koya masa ya yi idan babba na magana. Na kuma sha ganin an ɗage shari'a wata biyu, wata uku, saboda ba a samu tafintan Hausa ba, a garin da Hausawa suka cika Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12.

Akwai wani yaro mai wankin takalma, ɗan wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, da muka tarar a wani gidan yari. A takardar tsare shi an rubuta sunansa wani iri, a fayil ɗin 'yan sanda wani iri, shi kuwa tun yana ƙarami da laƙabi ake kiransa. Ranar da aka kai su kotu aka yi ta kiran suna, yana zaune a ɗakin ajiyar masu laifi bai amsa ba, don bai san shi ake nufi ba. Daga ranar ba a sake fito da shi ba. Wanda ya gano wannan ɗalibi ne ɗan aji huɗu kamar ke, Bayarabe da ya tashi a Sabon Garin Kano. Ya zauna da shi, ya tambaye shi a hankali. Yaron bai san lambar kowa ba, abin da ya sani kawai shi ne mai shayin da yake kwana a bayan teburinsa. Ɗalibin ya yi sammako ya je. Mai shayin ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo akwatin wankin takalman yaron, da buroshi da gwangwanayen man takalma duk sun bushe, ya ce tun ranar yake ajiye da shi. Ta hannunsa aka samu kawun yaron, ashe a gida har an yi masa sadakar arba'in. Da ɗalibin ya bi sawun fayil ɗin daga ofis zuwa ofis, sai ya tarar shawarar DPP ta daɗe da fitowa, kuma ta ce babu abin tuhumarsa. Ya karɓo kwafi. Abin da ya rage mini ni lauya shi ne in miƙe in nuna wa majistare takardar. Ki faɗa mini, tsakanina da ɗalibin nan wa ya fito da shi?

Irin aikin da za ki yi ke nan. Za ki zauna da mutum ki rubuta ranar da aka kama shi, caji ofis ɗin da aka kai shi, kotun da ta tsare shi, lambar ƙararsa da ranar da ya yi wa kotu ganin ƙarshe. Za ki je wurin magatakardan kotu ki nemi fayil, a ce ki dawo gobe, ki koma goben. Za ki tsara takardar neman beli, lauyan da ke kula da ku ya gyara ya sa hannu. Ranar shari'a ki zauna a bayansa, idan tafinta ya karkatar da magana ki rubuta masa a 'yar takarda. Ba kuma sabon abu ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar NULAI, da ke haɗa irin waɗannan cibiyoyi na jami'o'i, an kafa ta a 2003, kuma Jami'ar Maiduguri na cikin waɗanda suka fara buɗe tasu. Dokar taimakon shari'a ta 2011 ma ta san da zamansu.

Yanzu maganar Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ban raina damuwarsa ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kasuwa ya ga yadda ɓarawo ke mayar da mai rufin asiri almajiri a dare ɗaya, kuma wanda aka zalunta shi ma yana da hakki a wuyanmu. Amma ki tuna masa, cikin ladabi, hadisin da muka haddace tun muna Islamiyya, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Sashe na 36 ma abin da ya ce ke nan: mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Wanda aka kama ba a kansa sunan ɓarawo yake tabbata ba, sai wanda aka kawo shaida a kansa alƙali ya gamsu. Idan kuwa ya aikata ɗin fa? Za ki haɗu da su, kada wani ya ruɗe ki cewa duk na ciki tsarkaka ne. A nan ƙa'idar aikinmu a fili take: lauya ba ya yi wa kotu ƙarya, ba ya ƙirƙiro shaida, ba ya koya wa mai ba da shaida abin da zai faɗa. Abin da yake tsayawa a kai shi ne a yi wa mutum hukunci daidai laifinsa. Wanda ya ɗauki waya a tasha ya cancanci hukuncin satar waya, bai cancanci a rubuta masa fashi da makami ba, laifin da hukuncinsa kisa ne. Sau da yawa ma taimakon da muke yi wa mai laifi shi ne mu gaya masa gaskiya, ya amsa abin da ya yi a sassauta masa, hanyar da Legas ta riga sauran jihohi sanyawa a dokarta tun 2007.

Da ni ce ke, ba izini kawai zan nema a wurin Baba ba, aiki zan ba shi. Da ɗan gari akan ci gari. Dattijon da ya shekara yana cinikin goro a Agege ya san direbobin manyan motoci, ya san fadar Sarkin Hausawa, ya san wa zai kira idan aka ce yaro ɗan wajen Illela ne ko Maigatari. Ranar da ya yi waya ɗaya wata uwa ta ji cewa ɗanta na da rai, ina kyautata zaton maganar alhaki za ta sauya.

Sai dai ki kiyaye. Kada ki taɓa ce wa wanda ke tsare "za ka fita ranar kaza", domin zai riƙe maganar ya yi ta ƙirga kwanaki, kuma ba a hannunki abin yake ba. Za su kira ki Barista, ki gyara musu nan take, ki ce ke ɗaliba ce. Kada ki karɓi ko sisi daga danginsu, ko da sun ce kuɗin mota ne, ko da sun rantse kyauta ce. Abin da mutum ya faɗa miki amana ce, daga ke sai lauyan da ke kula da ku, ba ƙawa, ba Facebook, ba hoto. Lambar cibiyarku za ki bayar, ba taki ba, kuma kada ki je caji ofis ko gidan kowa ke kaɗai. Wasu ranakun za ki dawo gida warin ɗakin da kika shiga bai bar hancinki ba, ki kasa cin abinci. Idan haka ta faru ki samu malamin naku ko wata babba a aikin ki yi magana, kada ki haɗiye.

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ina dako a kasuwar Mile 12. Wata takwas ke nan da aka kwashe ƙanina da wasu a wani samame da dare, yana dawowa daga wurin aiki. Daga baya muka ji an ce fashi ake zarginsu da shi. Kwanan baya wasu yara 'yan makaranta sun kira ni, sun ce sun gan shi a gidan yari kuma suna so su taimaka kyauta. Wani mutum kuma a bakin kotu ya ce in kawo naira dubu 150 ya fito da shi cikin mako guda. Ni dai na san ba a samun abu kyauta a Legas. Wa zan bi?
Ɗan dako, daga Mile 12

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya fito da shi lafiya. Riƙe kuɗinka. Idan dai fashi aka rubuta masa, belinsa ba ya hannun majistare, balle mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai an rubuta takarda an shigar a Babbar Kotu, alƙali ya saurara. Duk wanda ya yanka maka rana ya ce mako guda, ko dai bai san aikin ba ko kuma kuɗinka yake so.

Yaran kuwa kana da damar ka tantance su, kuma na gaskiya ba za su ji haushi ba. Ka tambaye su sunan makarantarsu da sunan lauyan da ke kula da su, ka ce kana so ka gan shi ido da ido a ofishinsa. Zuwa da kai ya fi aike. In dai ɗaliban cibiyar taimakon shari'a ne, akwai lauya a bayansu, kuma ba za su nemi kuɗi ba. Ranar da ɗayansu ya ce ka kawo wani abu "na fayil", ka kai maganar wurin lauyan.

Kuma akwai kyauta a Legas, ba a dai yi mana shela da Hausa ba ne. Gwamnatin jiha tana da ofishin lauyoyin kare talakawa, OPD, da aka kafa a shekarar 2000 lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo ke Antoni-Janar na jihar, babban ofishinsu yana Surulere. Gwamnatin tarayya kuma tana da Hukumar Taimakon Shari'a tun 1976. Aiki ya yi musu yawa, sai ka yi haƙuri ka kuma yi naci, amma ba su tambayar mutum jiharsu kafin su karɓe shi.

Ko wurin wa za ka je, ka tafi da waɗannan a rubuce: cikakken sunan ƙaninka da duk laƙabin da ake kiransa da shi, ranar da aka kama shi da wurin, caji ofis ɗin da aka fara kai shi, da kotun da ta tsare shi. Abin da ya fi muhimmanci, ka nemo ubangidansa ko abokan aikinsa da za su iya shaida inda yake a daren, tun kafin su watse, don mutanenmu damina na faɗuwa suke komawa gida. Idan ka je ziyara ka tambaye shi ko an sa shi ya dangwala yatsa a wata takarda, da wane harshe aka yi masa tambayoyi, ko akwai lauya a wurin, ko an ɗauki bidiyo, ko an taɓa lafiyarsa. Dokar Legas ta ce idan mutum zai amsa laifi a hannun 'yan sanda, a ɗauka a bidiyo, in babu hali a yi a gaban lauyansa. Lauya zai so ya ji wannan tun ranar farko. Ka kuma sani, tafiya da dare kawai ba laifi ba ce, tun 1989 aka soke dokar da ake kama mutane da ita da sunan yawon banza. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wata takwas ya isa lauya ya tambayi ina shawarar DPP ta kwana, ya kuma nemi Babbar Kotu ta sa baki.

TAMBAYA: Yaya Barista, kotu ta ba maigidana beli a kan rigimar da suka yi da wani a garejin da yake gadi. An ce a kawo mutum biyu su tsaya masa. Na ce ni zan tsaya, ina da shagon ɗinki, sai wani ya ce mace ba ta karɓar beli. Haka ne?
Matar aure, daga Idi-Araba

AMSA: Ba haka ba ne, 'yar'uwa. Dokar Legas da ta tarayya ta 2015 duk sun faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce. Wanda ya gaya miki haka tsohon zance yake maimaitawa. Abin da kotu za ta duba shi ne sharuɗɗan da alƙali ya gindaya. A nan Legas galibi akan nemi katin shaida, hoto, adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa, shaidar sana'a, da takardar biyan haraji ga jihar. A kan harajin nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, kada ku naɗe hannu ya yi ta zama a ciki, lauya na iya komawa ya roƙi a sassauta, kuma irin takardar da ɗaliban nan ke taimakawa wajen tsarawa ke nan.

Ki dai fahimci abin da za ki sa wa hannu. Kuɗin da alƙali ya ambata ba biya za ki yi a ranar ba, alkawari ne cewa za ki kawo shi duk ranar da aka kira shari'ar, in ya ƙi zuwa a bi ki kuɗin. Don haka ku rubuta ranar komawa kotu a inda ku biyu za ku riƙa gani. Idan tafiya gida ta taso, ta Sallah ko ta rasuwa, kuma ta ci karo da ranar, a sanar da lauya tun kafin ya hau mota, shi zai nemar masa uzuri a wurin alƙali.